Baƙin hunturu: yadda ake gane tsuntsaye, itatuwa da gansakuka a lokacin ɗari

Tambaya: Ni malamin makaranta ne a yankin Haɗeja. Na ga Turawa sukan fita a lokacin sanyinsu su yi ta kallon tsuntsaye da tsirrai, har da gansakuka, suna kiran kowanne da sunansa. Mu da hunturu ke busar mana da komai, akwai abin da mutum zai fita ya gani? Kwanan nan na ga wasu 'yan tsuntsaye masu rawayan ciki suna bin shanu a fadama, kuma ban san su da damina ba. Su wane ne? Ta ina zan fara in ina so in riƙa fita da ɗalibaina?

Amsa: Malam, ai kai ne a tsakiyar kasuwar. Baturen da ke fita cikin Janairu lallaɓa ragowa yake yi, domin yawancin tsuntsayen ƙasarsu masu cin ƙwari sun tsere tun watan Satumba. Da yawansu ga su nan a bayan gidanka. Dausayin Haɗeja da Nguru, inda kogin Haɗeja da na Jama'are ke bazuwa kafin su zama Komadugu Yobe su nufi Tafkin Cadi, yana cikin manyan masaukansu a Afirka ta Yamma, kuma an lissafa irin tsuntsaye fiye da 300 a wurin. Tafkin Nguru da mashigar Marma su ne wuri na farko da Nijeriya ta sa cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi, a shekarar 2000, sannan Baturiya da Dagona suka biyo baya a 2008. Ni da na daɗe ina wannan aiki, da za a ce in zaɓi wata uku a shekara in bar sauran, Disamba da Janairu da Fabrairu zan ɗauka. Ruwa ya ja da baya ya tara tsuntsaye wuri guda, ciyawa ta kwanta, ganye ya kakkaɓe, ido yana kai wa nesa.

Bari mu fara da tsuntsunka. In siririn tsuntsu ne mai ɗan dogon bindi, cikinsa ruwan ɗorawa, bayansa kore-kore mai duhu, yana tafiya da ƙafa ɗaya bayan ɗaya maimakon tsalle irin na gwara, yana kaɗa bindi sama da ƙasa, yana kutsawa har ƙarƙashin hancin saniya, to shi ne wanda masana ke kira Motacilla flava. Ba shanun yake so ba, ƙwarin da kofatonsu ke tasowa daga ciyawa yake bi, dabarar da balbela ma ke yi. In ya tashi sai ka ga yana lilo a iska, ya hau ya sauka, yana wani siririn kuka, tsip, tsip, gefen bindinsa fari. Ba ka san shi da damina ba saboda a lokacin yana can Turai da yammacin Asiya yana ƙyanƙyasa. Yakan iso mana wajen Satumba da Oktoba, ya tashi a Maris da Afrilu. Da magariba ka tsaya kusa da kacalla ko gonar rake, za ka ga suna zubowa ɗari-ɗari su kwana a ciki.

Abin da ya fi ba ni sha'awa game da shi sai cikin Fabrairu yake fitowa, lokacin da mazan suka sake gashi. A nan ne kan kowanne ke tona asirin garinsu. Mai kai toka-toka da farar gira daga tsakiyar Turai yake. Mai kai toka mai duhu, babu gira, daga can arewa yake, wajen Suwidin da Finlan da arewacin Rasha. Mai baƙin kai wuluk kamar an tsoma shi a tawada, daga yankin Balkan da Turkiyya yake, kuma ana yawan ganinsa a ɓangaren Tafkin Cadi. Sai ka tarar da su ukun a gindin saniya guda. A Disamba kuwa kada ka wahalar da kanka, duk sun koɗe, matan da 'yan bana ma wani lokaci rawayar sai a ƙarƙashin bindi kawai.

Wannan koɗewar ita ce dalilin da ya sa kullum nake hana mai koyo fara wa da launi. Launi maƙaryaci ne, musamman da hazo. Ƙura tana mayar da fari ruwan ƙasa, rana in tana gabanka tana mayar da kowane tsuntsu baƙi. Ka fara da girma, kuma ka auna da abin da ɗalibanka suka sani tun suna goye: ya kai gwara, ya kai kurciya, ko ya kai hankaka? Daga nan sai baki. Guntun baki mai kauri na mai cin hatsi ne, siriri kamar allura na mai cin ƙwari, mai ƙugiya na mai cin nama, dogo na mai caccakar taɓo. Sai ƙafa da bindi, sai abin da yake yi, sai inda yake yin sa. Tsuntsun da ke kan ƙololuwar ƙaya yana dirowa ƙasa ya koma daban yake da wanda ke ɓuya cikin ganye, ko da kalarsu ɗaya. In an gama wannan duka sannan a zo ga launi, shi ma a tambayi a ina yake: gira, maƙogwaro, ƙugu, ko gefen fiffike. Kuma a rubuta kafin a buɗe littafi ko waya. Wanda ya fara duba hoto, idonsa zai ƙaƙaba wa tsuntsun abin da ya gani a hoton.

An ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma ga 'yan gida wannan babbar hanya ce: kirinjijiya da fitonta mai gaɓa uku, zakaran ƙeƙuwa da ƙararsa in ka doshi inda yake, ragon maza da kukansa kamar ana tsiyaye ruwa daga gora. Baƙin kuwa yawancinsu sun bar waƙar a gida. Waƙa ta neman aure ce da tsaron fili, su kuma ci ya kawo su. Ɗan gajeren kira kawai za ka ji, sai dab da tafiya wasu su fara gwada murya a hankali cikin duhuwa.

Bakin ruwa shi ne inda mai koyo ke shan wuya, domin akwai 'yan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu, ruwan ƙasa a sama, fari a ƙasa, da in ka hango su sai ka rantse uwarsu ɗaya. Uku za ka fi haɗuwa da su. Na farko, Actitis hypoleucos, shi kaɗai yake yawo a gaɓa, gajerun ƙafafu gare shi, bayansa ba ya daina rawa, kuma farin cikinsa ya hauro ya yi ɗan tsini a gaban kafaɗa. In ya tashi yana bin saman ruwa dab-dab, fukafukai a sandare suna karkarwa. Na biyu, Tringa glareola, ya fi shi tsawon ƙafa, ƙafar rawaya-rawaya, bayansa da ɗigo-ɗigon fari, yana da farar gira, in ya tashi ƙugunsa fari fat kuma sai ya yi ƙara. Shi ne na cikin gonar shinkafa. Na uku, Calidris pugnax, shi ne mai garke. Ƙaramin kai, ɗan tumbi, gashin bayansa kamar ɓawon kifi, kuma bebe ne, ko dubu suka tashi ba ka jin komai sai fukafukai. Yana cin tsabar shinkafar da ta zube bayan girbi.

Na ukun nan ya taɓa kunyata ni. Ina sabon shiga, na zauna a gaɓar wani tafki da hantsi na ƙirga garke guda, na raba su gida biyu a littafina, manya daban ƙanana daban, har da bambancin launin ƙafa, wasu ja-ja wasu kore-kore. Ina ta murna na samu iri biyu. Wani dattijo masunci da ke gyaran koma a gefena ya leƙo ya ce, "Yaro, me kake rabawa? Ai maza da mata ne." Haka kuwa abin yake. Namijin ya fi macen girma nesa ba kusa ba, launin ƙafa kuma ba ya tsayawa wuri guda a wannan iri. Namijin nan da kake gani fayau, in ya koma arewacin Turai da Saiberiya a watan Mayu, wani tulin gashi yake fitarwa a wuya kamar rawani, su taru a fili suna baje kolin kansu gaban mata. Mu ba ma ganin wannan ado, a kayan aiki yake zuwa mana. Tun daga ranar ban ƙara zama kusa da masunci ko makiyayi ban tambaye shi ba.

Agwagin ruwa sun fi sauƙi. Kirinjijiya da dinya 'yan gida ne. Kirinjijiya tana tsayawa a miƙe, doguwar wuya, farar fuska. Baƙuwar da ta fi yawa ƙarama ce, Spatula querquedula, wadda da yawa daga cikin masu ƙyanƙyasa a Turai da yammacin Saiberiya a Sahel suke yin hunturu, daga bakin kogin Senegal zuwa dausayin Neja na Mali zuwa yankin Tafkin Cadi. A Nuwamba namiji da mace duk ruwan ƙasa ne, sai dai in sun tashi ka ga gaban fiffiken namiji toka mai haske. Zuwa Fabrairu namijin ya fito da wata farar gira mai faɗi da ta lanƙwasa har ƙeya, ko daga nesa ba ka ɓata ta. Tare da su akan ga Anas acuta, mai dogon wuya da farin zane a gefen wuyan, bindin namijin kamar tsinke. A samansu kuma, in ka ga wani mai kama da shirwa yana shawagi ƙasa-ƙasa a kan kacalla, fukafukai a ɗage kamar bakin akushi, bindinsa ba rabe ba, to ba shirwa ba ce. Circus aeruginosus ne, shi ma baƙo. Shirwa bindinta a rabe yake kuma tana murɗa shi kamar matuƙin jirgi.

Tunda na ambaci kacalla, ka nuna wa yaran ita da kyau, domin darasi ce mai zaman kanta. Madatsar Tiga da aka gama a 1974 da ta Challawa a 1992 sun sauya yadda ruwa ke zuwa dausayin. Da ambaliya ce ke zuwa ta tafi, ƙasa ta bushe. Da ruwa ya koma kwanciya a wasu mashigai duk shekara, sai kacalla ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta kuma zama maɓoyar jan baki mai cinye wa manoma hatsi. Tsuntsun da ke son buɗaɗɗen ruwa da taɓo ya rasa, mai son duhuwa ya samu.

Akwai wani ruɗani da nake yawan ji, wai shamuwa ma daga Turai take zuwa. A'a. Shamuwa 'yar Afirka ce, tana zuwa mana da goshin damina ta yi sheƙa a cikin gari, ruwa na ɗaukewa ta nufi gabashi da kudancin Afirka. Tana fita baƙin Turai na shigowa, kamar masu karɓar aiki. Wadda ke zuwa daga Turai babbar 'yar'uwarta ce, fara mai baƙaƙen fukafukai da jan baki da jajayen ƙafafu. Ita ce ma ta fara tona wa Turawa inda tsuntsayensu ke tafiya. A 1822 aka harbo wata a kusa da garin Klütz na Jamus da mashin Afirka cake a wuyanta, ta yi doguwar tafiyar nan da shi. Har yau tana ajiye a Jami'ar Rostock. Kafin nan akwai masu cewa tsattsewa cikin taɓo take shigewa ta yi barci har sanyi ya wuce. Yanzu zobe ake sa musu a ƙafa mai lamba da sunan cibiyar da ta sa. In ɗalibinka ya zo da irin wannan zobe daga hannun mafarauci ko masunci, ku rubuta duk abin da ke jiki, da ranar da wurin da aka same shi. Ba laya ba ce, kuma ba a kama kowa a kanta.

Yanzu mu hau tudu, inda tsuntsu da itace ke haɗuwa. In kana son ƙananan baƙi masu cin ƙwari, nemi gawo. Gawo ya saɓa wa kowa: da damina yana tsaye tsirara, ruwa na ɗaukewa ya yi ganye ya yi fure. Saboda haka a lokacin da sauran itatuwa suka bushe, shi ke da tsutsa da ƙwari, kuma masu binciken da suka bi Sahel suna ƙirga tsuntsaye itace bayan itace sun tarar baƙin sun fi taruwa a kansa da sauran masu ƙaya irin su aduwa. Darbejiya kuwa, duk da inuwarta da korenta, kusan fanko ce. Daga Indiya aka kawo ta, ganyenta da ɗaci, ƙwarinmu ba su cika cin sa ba. Ina son inuwar darbejiya kamar kowa, amma garin da ya sare gawo ya dasa ta ya yi musayar da tsuntsu bai amfana ba, akuya ma haka. Ka zauna a gindin gawo minti ashirin ba motsi. Da farko ba za ka ga komai ba. Can sai ganye ya fara motsi inda iska ba ta kaɗa shi ba.

Cikin waɗannan ƙanana akwai Curruca communis, mai farin maƙogwaro da fukafukai ja-ja, wanda ya fi son duhuwar magarya da aduwa. Labarinsa ya isa a gaya wa ɗalibai. A bazarar 1969 masu lura da tsuntsaye a Ingila suka wayi gari fiye da kashi biyu cikin uku na wannan tsuntsu bai dawo ba. Da aka bi sawu sai aka gano farin da ya fara a Sahel a 1968 ne ya kashe su, farin da ya ci gaba har ya kai ga yunwar farkon shekarun 1970 da iyayenmu ba su manta ba. Abin da ya hana gero a nan shi ya hana waƙa a can. Dalili kuwa shi ne kafin ɗan tsuntsun ya tunkari Sahara, mai faɗin da ya doshi kilomita 2,000, sai ya tara kitse, wasu irin har su kusa ninka nauyinsu. Masanan da suka yi aiki a Malamfatori a bakin Tafkin Cadi a ƙarshen shekarun 1960 sun auna su sun ga yadda suke ƙiba cikin Maris da Afrilu, da ƙananan ƙwarin tafki da 'ya'yan itacen asuwaki. In damina ta gaza, guzurin ba ya samuwa, sai hamada ta cinye su.

A gonar da aka girbe kuma, duba kan hoge ko suri. Akwai wani mai tsayawa ƙiƙam, ruwan yashi, ya ruga da gudu ya tsaya, in ya tashi ƙugunsa fari da baƙin zane a ƙarshen bindi. Oenanthe oenanthe ke nan. Nauyinsa kamar giram 25, wato batirin agogon bango. Waɗanda ke ƙyanƙyasa a Girinlan da gabashin Kanada teku suke ƙetarowa su zo Afirka ta Yamma, na Alaska kuma suna yin wajen kilomita 14,500 zuwa gabashin Afirka.

Game da tsirrai, kada bushewa ta karya maka gwiwa. Masanin itace na gaske da rani ake gane shi, lokacin da babu ganyen da zai fake da shi. Ƙaya da ɓawo da 'ya'ya sun isa. Ɗauki masu ƙaya, waɗanda yara ke tara su duka su ce ƙaya. Dakwara ƙayoyinta uku-uku ne, gajeru masu ƙugiya, ta tsakiya ta kalli ƙasa, biyun gefe sun kalli sama, kuma ita ke ba da ƙaro mai daraja. Dushe in ka shafa jikinsa wani jan gari zai biyo hannunka, ƙarƙashin garin kore ne. Bagaruwa ɓawonta baƙi ne mai tsage-tsage, furenta ƙwallo ne rawaya, 'ya'yanta su majema ke jima da su, kuma wadda ke cikin fadama 'ya'yan nata a jere suke kamar carbi. Gawo rassansa fari-fari ne, 'ya'yan ruwan lemo a murɗe. Aduwa ganyenta biyu-biyu ne, ƙayarta doguwa kuma kore. Magarya da kurna su ne ke rikita mutane, don dukansu suna da ƙaya biyu, ɗaya miƙaƙƙiya ɗaya lanƙwasasshiya, da jijiya uku da suka taso daga gindin ganye. Juya ganyen. In bayansa fari ne mai laushi kamar auduga, magarya ce. In kore ne gaba da baya, kurna ce. Sabara ma a bayan ganye take da shaida, wasu baƙaƙen ɗigo ƙanana. Kalgo kuwa ganyensa kamar sawun raƙumi, ba ya buƙatar bayani.

Kuma hunturu na da furanninsa. Kurya, wadda wasu ke ce wa gurjiya, tana fitar da jajayen furanni a kan rassan da babu ganye ko ɗaya. Rimi da dare yake buɗe nasa, jemagu ne baƙinsa. Ɗorawa sai wajen Fabrairu da Maris take rataya jajayen tutunta. Ka kuma ɗaga kai ka nemi kauci, wanda ya fi fitowa fili yanzu da uwar ɗakinsa ta zubar da ganye. Furensa kamar ashana, kuma in ka jira za ka ga sha-kauci, ɗan tsuntsu mai lanƙwasasshen baki, ya zo ya tsotsa. Wani ɗan ƙarami mai rawayan goshi, wanda ke wuni yana ƙwanƙwasa murya ɗaya kamar maƙeri, shi ke cin 'ya'yan, ƙwallon mai danƙo ya manne masa, ya goge a wani reshe, kauci ya tsiro a can. Itace guda, darasi uku.

Sunaye kuwa a yi hattara da su. Itacen da Bakano ke kira darbejiya, wani maina zai ce, wani dogon yaro, wani bedi. Tun 1916 wani likitan zamanin Turawa, J. M. Dalziel, ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a littafi, kuma ko a can za ka ga suna ɗaya a kan tsiro biyu, tsiro ɗaya da suna uku. Don haka a littafin ɗalibai a rubuta sunan, a rubuta garin wanda ya faɗa, a ajiye sunan kimiyya a gefe ya zama alƙali.

Saura gansakuka. A nan kam Bature ya fi mu, don lokacin sanyinsu lokacin danshi ne, namu kuwa na bushewa. Amma akwai ta, kuma abin da muke kira gansakuka abu huɗu ne daban-daban. Mai santsi da ke cikin ruwa ko jikin randa, wadda in ka ɗebo sai ka ga zare-zare ko majina, ba ta da kara ba ta da ganye, wannan dangin tsiron ruwa ce. Ɓawon da ke manne a jikin dutse ko itace, toka-toka ko ruwan lemo, a bushe ƙamas, wannan haɗin gwiwa ne tsakanin naman gwari da ƙwayoyin tsiron ruwa. Akwai kuma wata shimfiɗaɗɗiya da ke fitowa a kan taɓon da tafki ya janye ya bari, zagayayya, faɗinta kamar maɓallin riga, an tsattsaga ta kamar tauraro. Sunanta Riccia, kuma hunturu ne lokacinta, ka duba gaɓar da ba a tattake ba. Ta huɗun ita ce wadda Turawan ke durƙusawa a kanta: tsiro ne sosai mai ɗan kara da ganyaye, sai dai tsawonsa bai wuce ƙwayar shinkafa ba. Akwai irinsa wajen 12,000 a duniya. Ba shi da saiwa ta gaske, ba ya fure, ba ya iri. Da jikinsa duka yake shan ruwa, kuma ƙwayar namiji sai ta yi iyo cikin ɗigon ruwa kafin ta kai ga ta mace, shi ya sa ƙasarmu ba ta yi masa daɗi. In ya haihu sai ya tsayar da wani siririn gashi mai ɗan ƙoƙo a kai, cike da garin da iska ke ɗauka.

Inda za ka neme shi: bangon rijiya daga ciki, gindin tankin ruwa, ƙarƙashin kwalbati, bangon siminti da ba ya samun rana, gindin suri. Da hunturu za ka same shi baƙi-baƙi, a ƙanƙance, kamar datti. Kada ka wuce. Na taɓa tsayawa da wasu yara a bakin wata tsohuwar rijiya, na nuna musu wani baƙin tabo a jikin siminti, suka ce ƙura ce. Na tsoma yatsa a guga na ɗiga masa ruwa sau uku. Kafin mai jan ruwa ya sake fito da guga, ganyayen da suka naɗe sun warware, tabon ya koma kore shar, kowane kai kamar ɗan tauraro. Wata yarinya ta ja da baya ta ce, "Malam, da rai!" Da rai kuwa. Yana iya bushewa ƙamas wata da watanni ya farfaɗo cikin mintuna. Ɗaya daga cikin waɗanda ake yawan samu a jikin siminti a ƙasashe masu zafi shi ne Hyophila involuta, mai naɗe gefen ganye in ya bushe. A kan ƙasa mai danshi kuma akwai dangin Fissidens, ganyensu a jere layi biyu kamar ɗan reshen dabino. Wanda ke son ganin su da yawa sai ya hau tsaunukan Jos da Kagoro, ko Mambila da Gashaka Gumti, inda suke lulluɓe rassa. Gilashin ƙara girma mai ninki 10 ya isa. In babu, juya madubin hangen nesa, ka kai ƙaramin bakin dab da tsiron ka leƙa ta babban.

Kayan aiki ba su da yawa. Madubin hangen nesa guda, mai lamba 8x42 ko 8x32, ya ishi aji in ana karɓa-karɓa. Littafi da fensir ga kowa. Ku fita da sassafe, amma da ɗari mai tsanani tsuntsaye ma sai rana ta ɗan taɓa su suke motsi, don haka daga bakwai zuwa goma ya fi. Rana ta kasance a bayanku. Kada ku wuce mutum goma, a bar fararen kaya masu ɗaukar ido, a kuma caje aljihu, don ba a rasa mai danƙo. A nemi izinin mai gona da mai unguwa, a guji shiga ruwan da ba ya gudu saboda tsargiya. Waya tana taimakawa, manhajar Merlin da iNaturalist suna ba da shawarar suna, amma shawara ce, sukan yi kuskure a kan tsuntsayenmu. In kun fara ƙwarewa, cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke Laminga kusa da Jos tana tattara bayanan taswirar tsuntsayen Nijeriya tun 2015 daga hannun masu sa kai, kuma kowace shekara a tsakiyar Janairu ana ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya, wadda aka fara a 1967, dausayinku na cikin wuraren da ake ƙirgawa.

Fitar farko kada ku nemi fiye da iri goma, kuma bakwai daga ciki su zama waɗanda yaran suka riga suka sani. Ku zaɓi wuri ɗaya, gawo guda da gaɓa guda, ku riƙa komawa duk mako kuna rubuta kwanan wata. Wajen tsakiyar Maris ku sa ido a kan masu rawayan cikin nan naka: za ku ga sun yi ɓul-ɓul, launinsu ya fito, ba sa ɗaga kai daga ci. Ku rubuta ranar ƙarshe da kuka gan su, sannan ku rubuta ranar da shamuwa ta fara sauka a garin.